Kwana Goma Sha Tara

Lauya Abernathy ba ta hana ni kuka ba.
Ta jira na gama, sannan ta turo min kalanda.
Ta ce, "Halina, kotu ba ta jin zafin rai,
kwanan wata take ji."

To, ga kwanan wata.
Uku ga Fabrairu, Toledo ta daskare har bakin kogi,
na rubuta wa hukuma
cewa injin guga na huɗu ba shi da murfi,
cewa ya cinye wa Deshawn yatsu biyu
muna tsaye,
zannuwan gadon asibiti na ta wucewa, farare tas.
Ran ashirin da biyu aka karɓe katina a bakin ƙofa.
Ƙirga da kanka.

Shekara tara ina wannan wanki.
Takardun yabo tara, duk da sa hannun Dale Hutchins:
mai himma, ba ta wasa da aiki.
Sai ga shi cikin mako biyu na zama malalaciya,
lattin minti huɗu ya isa kora,
alhali Curtis na shigowa bakwai da rabi
da kofinsa a hannu, ana masa barka da asuba.

Na ce ruwa ba ya tsami banza.
Abernathy ta ce, "Gaskiya ne,
amma alƙali zai so ya ga abin da aka jefa ciki,
da hannun da ya jefa."

Lauyan kamfani mutum ne mai taushin murya.
Ya ce kwanakin karo kawai suka yi.
Wai Dale bai ma san na kai ƙara ba,
wanda bai sani ba kuwa, me zai rama?
A nan gizo ke saƙar.

An kira Pilar, wadda muka raba burodi shekara shida.
Ta rantse, ta zuba wa tebur ido,
sau goma sha ɗaya ta ce ba ta tuna ba.
'Ya'yanta uku ne, haya na jiran ta.
Ban riƙe ta ba.
Na dai daina bi ta layinsu.

Shafi dubu huɗu suka aiko mana, don mu nutse.
Dare bakwai muna juyawa, idona kamar garwashi.
A shafi na dubu uku da ɗari biyu da shida,
saƙon Dale ga manaja,
huɗu ga Fabrairu, shida da minti goma sha biyu na safe:
"Na gane ko wace ce. Bar ni da ita."

Abernathy ta cire tabarau, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ni kuwa yunwa na ji, karon farko a watanni.

Sai Oktoba za a zauna.
Kafin nan ina jera gwangwanaye a kanti, aikin dare.
An ce injin na huɗu ya samu murfi, sabo fil.
Deshawn ya koyi ɗaure takalmi da yatsu takwas,
jiya ya nuna min a tashar bas.