Ƙarfen da Kalla Bai Sani Ba

Bayan sadakar arba'in muka buɗe ɗakin Baba.
Ƙarƙashin gado, gwangwanin madara,
tsatsa ta like murfinsa.
Yayyena suka ɗauki rediyo da darduma,
ni na rungumi gwangwani,
na ratsa duwatsun Birni
zuwa bakin Kasuwar Dole,
inda Kalla mai gyaran keke ke zaune
tun ban san hagu da dama ba.

Yana ta rufe masa ido.
Ya ce in zube su kan buhu,
yatsa ya fi ido sanin ƙarfe.

Ya ɗaga na fari, ya auna a tafi:
"Wannan doguwar ƙusa mai dunƙule a gindi,
maƙogwaron keke take shiga.
Ka ɗaure sama, gindi ya cije ciki,
ƙaho ya tsaya cak.
Ranar da ta saki,
kai ka nufi Zango, keke ya nufi Garin Malam."

Wani lanƙwasasshe kamar ƙugiyar rijiya:
"Hannun birki ne, na sanda.
Ba wannan igiyar ta yanzu ba
mai tsinkewa a gangara ba sallama.
Ga ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da shi gida."

Wani mai harshe a tsaye,
na ce ko mabuɗin kwalba ne.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Nan ake rataya fitila,
irin mai farin dutse a ciki,
ka ɗiga masa ruwa ya yi huci, ka ƙyasta ashana.
Da ita ubanki ke dawowa daga Mirya
bayan isha, jakar wasiƙu a wofi."

Ƙararrawa ba hula, haƙoranta a waje,
ya murza, ta yi ƙiris, ta yi shiru.
Ɗan faranti na tagulla mai lamba:
harajin keke, na wata shekarar fari.
Toshiyar katako ta bakin ƙaho:
"A bayanta ake cusa takarda mai sunan mai shi.
Ɓarawo na canza fenti,
ba ya leƙa cikin ƙaho."

Saura ɗaya.
Ɗan guntun sanda, bai kai taƙi ba,
da maƙala biyu, ɗaya ta fi ɗaya faɗi,
an naɗe tsakiyarsa da jar fata
irin ta dukawan garin nan,
fatar ta yi baƙi, ta yi sulɓi.

Kalla ya juya, ya shinshina,
ya ƙwanƙwasa a haƙori.
Ya kira Barma mai faci, Barma ya ce na madubi ne.
Wani mai kabu-kabu ya ce na rataya leda.
Kalla ya girgiza kai:
"Shekara hamsin ina kwance ƙaho ina ɗaurawa,
wannan bai hau jirgin ruwa ba.
Ga sawun guduma. Maƙerin unguwa ne,
kuma wani ne ya tsaya a kansa
yana cewa rage nan, ƙara can."

Ya miƙo mini.
Na kama fatar, yatsu uku kawai suka samu wuri.

Sai ga matashin tsumma a kan sandar keke,
ƙafafuna ba su kai ko'ina ba,
gemu na sosa mini tsakar kai,
warin takarda da gumi,
rairayi na jan taya wajen makaranta,
murya daga sama:
"Cima, riƙe naki, ni na riƙe nawa.
Ke ce mai tuƙi."

Kuma na yarda.
Shekara uku ina tuƙa mu.

Kalla ya ce, "To, kin gane shi?"
Na ce masa na riƙo ne.
Ya ce riƙon me?
Na tattara sauran cikin gwangwani,
na biya shi kuɗin goro,
wannan ɗin na ƙulle a bakin zane.