Maɗin Ɗinya

Sada ne ya tono zancen.
Ya dawo daga Jamus da akwati biyu da labari goma,
wai can kowane gari da irin giyarsa,
mutum kan wuni cikin jirgin ƙasa
don kwalba ɗaya da babu ita a kanti.
Muka yi a'uziyya, muka yi dariya,
muka koma kan shayinmu a Ƙofar Sauri.

Ban san dariyar ni take jira a gida ba.

Baba Nalado, kwana tara bakinsa a rufe.
An dama koko, ya kau da kai.
An kawo lemon kwalba mai raɓa a jiki,
ya ce wannan ruwan fenti ne da iska.
Sai da asuba, murya kamar zaren gizo:
"Maɗin ɗinya. Irin na Hakama.
Baƙi wulik, mai bin cokali."

Na fara da 'Yar Kutungu.
Mai zoɓo ta dube ni sama da ƙasa,
ta ce ɗan nan, wace shekara ka kwana?
Wani ya miƙo min zuma, rabinta sukari,
har da rantsuwar da ban tambaya ba.

Mashi, ƙafata ta yi bororo.
Aka ce akwai mai yi, ta koma sayar da ƙanƙara.
Aka ce ɗinyoyin bakin rafi
sun shiga buhu, sun tafi birni a gawayi.
Na tsaya kan kututture ɗaya,
faɗinsa ya isa mutum uku su yi salla.

Lahadi na faɗa Mai'aduwa.
Tsakanin kukan raƙuma da cinikin Buzaye
wani tsoho mai sayar da igiya ya ce,
"Hakama? Ta yi shekara shida a ƙasa.
Amma tukunyarta ba ta mutu ba.
Wuce Sandamu, ka bar kwalta,
in ka ga rijiya mai bakin gungume
tambayi Kuluwa, ƙanwarta."

Ɗan acaɓa ya caje ni kuɗin zuwa Makka.
Na biya.

Kuluwa ba ta tashi daga tabarma ba.
Na ce saye na zo. Ta ce ba ta da haja.
Na ƙara kuɗi. Ta ƙara shiru.
Kaji suka gama zagaya ni sau biyu
kafin ta ce, "Wa ya aiko ka?"
Na faɗi sunan.
Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.
"Nalado mai jaki? Da bashinmu a kansa,
kwabo huɗu, tun ina goyon ɗan fari."

Ta shiga ɗaki, na ji motsin kwalla.
Ta fito da kwalbar maganin tari,
bakinta toshe da totuwa da tsumma.
Na ɗaga ta ga rana, rana ba ta ratsa ba.
Bishiya ɗaya ta rage mata, in ji ta,
ita ke tsinta, ita ke jiƙawa, ita ke tacewa,
wuta tun hantsi har kiran isha,
kwarya shida ta koma wannan.

Kuɗina ta ture da ɗan yatsa.
"Ka dawo min da kwalbata.
Kwabo huɗun kuma, ya zo da kansa."

A mota na rungume ta cikin hula
kamar mai ɗauke da ƙwan jimina.

Baba ya lasa. Ya rufe ido.
Muka tsaya da numfashi, har Sada.
Ya ce, "Ba shi ba ne.
Na Hakama ya fi ɗacin hayaƙi."
Ya yi shiru.
Sannan ya miƙo cokalin:
"Ƙaro."

Da na faɗa masa zancen bashi
ya yi dariyar da ta ja masa tari,
ya ce uku ne, ba huɗu ba,
a nemo masa takalmansa.