Jaridu Biyu a Ƙarƙashin Yoyo

A wani ƙauyen Minnesota dusar ƙanƙara na narkewa,
rufin laburare na ɗiga.
Marlys Tollefson ta jera bokiti uku
tsakanin kantar tarihi da ta yara.

Can a Saint Paul, kwana arba'in ke nan
'yan majalisa na ja-in-ja kan kasafi.
Jajaye sun ce ko sisi ba ƙari,
shuɗaye sun ce a tatsi masu ƙiba.
Kuɗin rufin na shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
layi ɗaya tak,
ba wanda karatunsa ya kai can.

Jarida biyu ake kawo mata da safe.
Ɗaya: FASHI DA RANA TSAKA.
Ɗaya: ATTAJIRAI SUN SAKE ZILLEWA.
Haraji ɗaya, suna biyu.
Sun ƙirga wa ya ci, wa ya sha ƙasa, kamar tamaula,
ba wadda ta ce nawa ne.

Wani ɗan jarida ya bugo waya:
"Wane ɓangare kike?"
Ta ce, "Ɓangaren da ke jiƙewa."
Ya yi dariya. Bai rubuta ba.

Da yamma bokiti ya tumbatsa.
Ta warware jaridun, ta shimfiɗa a ƙasa,
ta bi da takalmi tana dannawa.
Nan kam babu gardama,
shan ruwansu ɗaya.

Tsoho Gunnar ya shigo neman shafin wasanni.
Ya tsallake kanun labarai a hankali,
kada santsi ya kwashe shi.