Hannun Belmira

Kwana uku ke nan a Manteigas
madarar tumakina ta ƙi kwanciya.
Na daka furen ƙaya da gishiri, na tace a ƙyalle,
na girka tukunya gefen murhu
daidai zoben da gindinta ya bari a daɓe.
Na ja wuƙa, ta haɗe a bayana
kamar na yanka kogi.

Custódia ta hauro da sandarta.
Ko gaisuwa babu, sai da ta tsoma gwiwar hannu.
"Ta huce, Gervásio. Daga garke zuwa nan
hira ka tsaya yi da kare?"
Ta sansana furen. "Na bara waccan ne, ya mutu.
Baƙar tunkiyar da ta haihu ran Talata fa?"
Na ce na tatse ta.
"Dakashi ka zuba. Rabon ɗanta ne."

Washegari madara ta kama,
ta tsage tsaf a kan yatsa,
ruwanta ya taso kore-kore.
Don murna na matsa, na ƙara matsawa,
cukun ya marmashe,
maiƙo na bin tafina.

"Hannunka ya cika zafi," in ji ta.
"Belmira sanyin hannu gare ta."

Ni za a gaya wa?
Shekara arba'in da ɗaya ina mita
duk daren da ta ɗora min shi a wuya.

Yanzu kullum da asuba
nakan fasa ƙanƙarar kwamin tumaki,
in nutsa hannuwana har su daina zama nawa,
sannan in shiga.