Launin Shayi

La'asar ta gota, Yamai na tafasa.
Ni kaɗai a labo, hayin kogi,
fanka na juya iskar da ta juya tun safe.
A gabana gilashi mai lamba ɗari huɗu da sha bakwai:
yankin huhu, bai kai farcen jariri ba,
an fere shi har ya fi ɓawon albasar Galmi rashin kauri.

Takarda ta ce: Nomau Kadri, hamsin da takwas,
mai gashin burodi, daga Tawa.
Bai taɓa shan taba ba.
Wani ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan,
kamar mai neman abokin gardama.

Aikina rini ne.
In ɗiga, in jira, in wanke.
Duk inda furotin da nake nema ya taru
sai wurin ya ɗau launin shayi.
Mu ma hawa uku muke yi masa, irin na 'yan fada:
akwai tsararo, akwai na tsakiya,
akwai na fari, mai ɗacin da ke kama harshe.

Na sa ido a madubi.
Ta hagu, lafiya lau:
ƙwayoyi kafaɗa da kafaɗa kamar sahu,
kowace ta san inda tabarmarta ta ƙare.
Sai na tura gilashin dama kaɗan.

Nan ma littafin nan ne a cikin kowace ƙwaya.
Haruffa kaɗan suka goce,
amma karatun ya sauya baki ɗaya.
Layin da ake faɗa sau ɗaya, cikin raɗa, "ki girma",
yanzu da lasifika ake yinsa, dare da rana.
Layin da ke cewa "ya isa haka"
an haɗa shafinsa da na gaba an wuce.
Ba wanda ya yage shi. Mai gadin na nan,
an dai daina kiran sunansa.

Na nemi ƙaron da ke riƙe maƙwabciya da maƙwabciya,
gilashi na biyu ya fito fari fat.
To, shi ya sa.
Wadda ba abin da ya riƙe ta, ai sai ta ɗaura kaya.
Ga su can bakin jijiya
kamar masu jiran mota a tasha,
su kuwa in sun tafi cin rani, ba sa komowa da damina.
Waɗanda suka zauna har lambatu suka ja,
jini na bin sa zuwa garkar da ba wanda ya shuka.

Wuta ta ɗauke.
Na zauna da duhu a ido ɗaya.

Da ta dawo na ɗauko gilashi na ƙarshe.
Shayin fari. Baƙi ƙirin, ko'ina.
Ban san yadda zan gaya wa Bibata ba,
'yarsa, da ke kan benci tun hantsi da jakar leda a cinya,
cewa wannan duhun mugun labari ne,
kuma shi ne mariƙi:
abin da ya yi ihu haka, akwai maganin da ya san muryarsa.
Kuɗinsa kuma, wannan ba a madubina yake ba.
Ba ni ke faɗa ba ma. Dakta Harisu ne, gobe.
Nawa in rubuta uku, in sa hannu.

Na rubuta uku.

Na tsallaka gada da magariba,
jemagu na fita, kogi ya yi jan ƙarfe.
A Yantala na sayi burodi ɗaya, da sauran ɗuminsa.
Na karya shi a tsaye, bakin titi,
na ga ramukan nan, ƙanana, dubu,
kowane da 'yar iskarsa a ciki.

Da Nomau zan yi wa bayani, da ba mu daɗe ba.
Ya san ƙullun da aka manta a kwano
ranar zafi.