Sandar Awo

A tsaunukan Kentaki, hayin rafin da ba shi da gada,
babanmu Elkana ya fafe gungume ya mai da shi kwami.
Ran da jar saniyarmu ta zame a gangare ta karye,
ba wanda ya yi kuka a gabansa.
Nama ya shiga gishiri, ƙirgi ya shiga ruwan toka.

Da gashi ya saki
ya kankare shi da bayan wuƙa,
wari ya kori har kare daga ƙofar gida.
Ni da Zilfa muka daka ɓawon itace
har tafin hannu ya yi kanta.
Ɓawo, fata, ɓawo, ruwa, ya danne da dutse,
ya ce, "Jima ba ta san gaggawa ba. Sai baɗi."

Baɗi ta zo, ganye ya fara ja.
Ya jera mu, dunduniya manne da bango,
ya yanka wa kowa sanda daidai tsawon ƙafarsa,
da ƙarin faɗin ɗan yatsa, wai don gobe.
Sanda shida.
Ta Hosiya, autanmu, ba ta kai cokali ba.

Zazzaɓi ya riga dusar ƙanƙara sauka.
Muka kai Hosiya bayan gonar masara.

Dare bayan dare Baba na bakin murhu,
basilla a hannu, zare ya sha kakin zuma,
ƙusoshin icce a tsakanin leɓɓansa.
Takalman ba dama ba hagu,
kullum sai ka sauya musu ƙafa kada su karkace.
Da ya gama na biyar muka ce ya huta.
Ya ɗauko guntuwar sandar.
Inna ta juya wa wuta baya.

Shekara uku suna rataye a ƙusa,
yana shafa musu kitse duk kaka.

Wata safiya matar Absalom ta haye rafi aron gishiri,
ɗanta na biye, ƙafafu naɗe da tsumma.
Baba ya duba, ya duba,
ya durƙusa ya gwada sandar.
Saura faɗin ɗan yatsa.

Yaron ya fita yana buga ƙasa don ya ji ƙara.
Sandar tana wurina.
Da ita nake motsa shayi.