Gani Bai Kori Ji Ba

Ɗakina ba taga.
A waje Valparaíso na rataye jikin tuddai
kamar shanya, launi-launi,
ni kuwa fari da baƙi da ruwan toka kaɗai na sani.

Talata. Gwiwa ta goma sha ɗaya.
Eleuterio Barraza, shekara sittin da takwas,
mai raba wasiƙu da ya rataye jaka bara.
Na'urar MRI ta yanka ƙafarsa sala-sala,
ba wuƙa, ba jini,
ta jera min a allo.

Ga guringuntsi ya sirance.
Ga tsaga ta ciki, fara, kamar silin furfura.
Ruwa ya kwanta bayan ƙoƙon gwiwa,
ɓargo ya yi dabbare-dabbare.
Irin hoton da ke sa mai tiyata
ya fara wanke hannu tun bai ga mutum ba.

Sai idona ya kai kusurwar allo: hagu.
Takardar likitansa kuwa dama ta ce.

Na same shi a benci,
hula a cinya, yana ɓare lemo.
"Wacce ke ciwo?"
Ya dafa ta dama.
"Wannan fa?"
Ya ɗan mare ta hagu, irin na tsohon aboki:
"Ai ita ke ɗauke da mu duka."

Muka sake, yaron na'ura na ta ba da haƙuri.
Minti ashirin na ƙwanƙwasa da ruri.
Ta dama ta fito kusan sumul,
ɗan zaizaya nan, ɗan tabo can,
abin da shekaru ke bar wa kowa
yadda gishirin teku ke cin ƙyamaren garin nan.

An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai zauna a kujerata ba.
Na ga yagaggiyar gwiwa ta kwana tana rawa a biki,
na ga wadda hoto ya wanke tas
ta hana mai ita durƙuso a coci.

Na kashe allon. Na ja kujera.
Yaushe ta fara? Da hawa ko da sauka?
Da sauka, in ji shi.
Matakala ɗari da arba'in da biyu
daga ƙofarsa zuwa kasuwar kifi,
ya ƙirga su shekara talatin da jaka a kafaɗa,
yanzu sai rediyo da kujera
da cinyar da ta rame a cikin wando.
Na bi da yatsa a hankali,
ƙasa kaɗan, gefe kaɗan,
har ya ja iska ta haƙori.
Nan ne. Hoton bai ce komai a nan ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na rubuta abin da na gani, duka,
na ƙara layi ɗaya a ƙasa:
a tambayi mutumin.
Wuƙa ta jira. Ya koma tafiya,
matakala goma yau, sha biyu jibi.

A bakin ƙofa na ce,
"Ta hagun nan fa, ka san a tsage take?"
Ya ɗora yatsa a leɓe,
ya sunkuya ya rufe ta da hularsa:
"A hankali, likita.
Kada ta ji."